Kuɗin Mai a Ɗakunan Binciken Yanayi

A watan Nuwamba na 1959 masu harkar man fetur na Amurka suka yi bikin cika shekara 100 da haƙa rijiyar mai ta farko a Titusville, jihar Pennsylvania. A Jami'ar Columbia ta birnin New York aka yi taron, kuma ƙungiyar kamfanonin mai ta ƙasar, wadda aka fi sani da API, tana cikin masu shirya shi. Daga cikin waɗanda aka gayyata su yi jawabi akwai Edward Teller, masanin nukiliyar da ya yi suna wajen ƙera bam ɗin haidurojin. Manyan baƙi kimanin 300 na zaune, Teller ya gaya musu abin da ba shi suka zo ji ba. Ya ce iskar kabon da ke fita duk sa'ad da aka ƙona mai ko kwal tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare zafin da ya kamata ya koma sama, kuma idan ta ci gaba da taruwa ƙanƙarar iyakar duniya za ta narke, teku ta haura ta cinye biranen gaɓa, har da wanda suke zaune a cikinsa. Aka tashi taro kowa ya koma bakin aikinsa.

Tun kafin wannan rana masana'antar ta san amfanin samun malamin jami'a a gefenta, kuma a kan dalma ta koyi darasin. A shekarun 1920 aka fara zuba sinadarin dalma cikin fetur don injin mota ya daina bugawa. Kusan shekara 40, duk mai son sanin ko dalmar na cutar da mutane sai ya koma ga Robert Kehoe na Jami'ar Cincinnati, wanda kamfanonin General Motors da DuPont da Ethyl ke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa. Matsayinsa ɗaya ne koyaushe: dalmar da ke jinin jama'a ta halitta ce, ba ta kai ta yi lahani ba. Wanda ya rushe wannan magana shi ne Clair Patterson na jami'ar Caltech, mutumin da ya auna shekarun duniya. Shi ma da kuɗin API yake yin wani ɓangare na aikinsa. Da awonsa ya nuna cewa saman teku cike yake da dalmar da ba ta halitta ba, kuma daga salansar motoci take fitowa, sai kuɗin ya ɗauke. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san girman abin da aka yi shekaru ana jayayya a kansa. Sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da fetur mai dalma.

Da maganar ta koma kan yanayi, kuɗin mai na farko aikin ƙwarai ya yi. A 1968 API ta biya Cibiyar Bincike ta Stanford, wadda a lokacin take jingine da jami'ar, ta yi mata rahoto, kuma marubutansa, Elmer Robinson da R. C. Robbins, sun yi gargaɗin cewa kafin shekara ta 2000 za a ga sauyin zafi mai yawa, wanda zai iya kaiwa ga narkewar ƙanƙara da hauhawar teku. A 1977 James Black, masani a kamfanin Exxon, ya yi wa shugabanninsa irin wannan bayani. Kamfanin bai yi kunnen uwar shegu ba. Daga 1979 zuwa 1982 ya ɗora na'urorin awo a kan wani katafaren jirgin dakon mai, Esso Atlantic, don a gano yawan kabon ɗin da teku ke shanyewa, tare da masanan Jami'ar Columbia irin su Wallace Broecker da Taro Takahashi. Martin Hoffert na Jami'ar New York kuma ya yi aiki da masanan kamfanin wajen lissafin yadda zafin zai hau. A 2023 Geoffrey Supran da Stefan Rahmstorf da Naomi Oreskes suka gwada waɗannan tsofaffin hasashe da abin da ya faru a zahiri, suka buga a mujallar Science. Masanan Exxon sun hango ƙarin zafi na kusan digiri 0.2 a kowace shekara 10, kuma kusan hakan aka gani.

Sai siyasa ta shigo. A 1988 James Hansen na hukumar NASA ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa ɗumamar ta riga ta fara, a shekarar kuma aka kafa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC. Maganar ta tashi daga lissafi ta zama ta doka da haraji, kamfanonin kuma suka sauya taku. A 1989 aka kafa haɗakar Global Climate Coalition don yaƙar duk wani yunƙurin tilasta rage hayaƙi. A 1997, saura 'yan makonni a ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙi ta Kyoto, shugaban Exxon Lee Raymond ya je Beijin ya shawarci ƙasashe masu tasowa kada su yarda a ɗaure musu hannu. A 1998 wata takardar tsare-tsare da aka rubuta a inuwar API ta faɗa hannun jaridar New York Times. A cikinta an zayyana yadda za a nemo masana biyar waɗanda ba a saba ganin fuskarsu a muhawarar ba, a horar da su su riƙa shiga kafofin watsa labarai suna cusa shakka. An yi rubutu da yawa a kan wannan zamani, kuma hukuncinsa ba shi da wuya.

Wanda ya biyo bayansa ne mai wuyar sha'ani, kuma a harabar jami'a aka buɗe shi. A watan Mayu na 1997 John Browne, shugaban BP, ya tsaya a Jami'ar Stanford ya ce lokaci ya yi da za a ɗauki mataki a kan ɗumamar yanayi ko da ba a gama tabbatar da komai ba. Kafin shi babu shugaban wani babban kamfanin mai da ya furta haka a bainar jama'a. BP ya zare jiki daga waccan haɗaka, Shell ya bi sahu a 1998, a 2000 kuma BP ya sauya tambarinsa zuwa wata rana mai launin kore da rawaya. Jayayya da masana ta daina riba. Sabuwar dabara ita ce a ɗauki nauyinsu.

A 2000 ɗin BP ya sa dala miliyan 15, kamfanin motoci na Ford ya ƙara miliyan 5, aka kafa cibiyar Carbon Mitigation Initiative a Jami'ar Princeton, ƙarƙashin Robert Socolow da Stephen Pacala. A 2004 mutanen biyu suka buga wata maƙala a mujallar Science wadda ta zama cikin waɗanda aka fi ambato a fagen. Lissafinsu mai sauƙin riƙewa ne. A lokacin duniya na fitar da kabon zalla kusan tan biliyan 7 a shekara, kuma in aka bar abin yadda yake zai ninka cikin shekara 50. Sai suka yanka wannan ƙari gida 7, kowane yanki tan biliyan 1, suka jera hanyoyi 15 waɗanda kowacce za ta iya ɗauke yanki guda da fasahar da ke hannu: motoci masu tsimin mai, gine-gine masu tsimin wuta, injinan iska, farantan sola, nukiliya, daina sare dazuzzuka da sauransu. Malamai suka kai ta aji, ɗan siyasar Amurka Al Gore ya sa ta a fim ɗinsa na 2006, masu tsara manufofi suka riƙe ta hannu bibbiyu, domin ta nuna cewa matsalar ba ta gagari ɗan Adam ba.

Babu ƙarya a maƙalar, kuma jagororin cibiyar sun sha nanata cewa BP bai taɓa gaya musu abin da za su rubuta ba. Ban ga dalilin ƙaryata su ba. Amma wanda ya bi jerin a hankali zai ga 3 daga cikin hanyoyin 15 sun dogara ne a kan kama iskar kabon a binne ta a ƙarƙashin ƙasa, wata guda kuma ita ce maye gurbin kwal da iskar gas. Binne kabon sana'a ce da babu wanda ya iya ta kamar kamfanin mai. Shi ya san duwatsun ƙarƙashin ƙasa, shi ke da bututu da injin haƙa, kuma tun shekarun 1970 ake tura iskar cikin tsofaffin rijiyoyin Texas don a matso ragowar man da ya maƙale. Gas kuwa hajar BP ce. Kamfanin bai buƙaci a murɗe masa sakamako ba. Ya ishe shi a ce a taswirar mafita da duniya ta amince da ita akwai hanyoyin da ke bi ta ƙofar gidansa. Shekara 20 bayan maƙalar, duk tashoshin kama kabon na duniya a haɗe ƙarfinsu bai wuce kimanin tan miliyan 50 na iskar a shekara ba, alhali abin da mai da gas da kwal ke fitarwa ya kai tan biliyan 37.

Exxon, wanda ya haɗe da Mobil a 1999, bai yarda a bar shi a baya ba. A Nuwamban 2002, Lee Raymond na kan kujerarsa, kamfanin na ci gaba da ba ƙungiyoyin masu musun ɗumamar kuɗi, aka sanar da shirin Global Climate and Energy Project a Stanford, na dala miliyan 225 cikin shekara 10. ExxonMobil ya ɗauki miliyan 100, General Electric 50, Schlumberger 25, Toyota ya cike ragowar 50 daga baya. Aka naɗa Lynn Orr, farfesan injiniyancin man fetur, ya jagoranta. A idon jami'a kuɗi ne masu kauri. A aljihun ExxonMobil kuwa, dala miliyan 10 a shekara ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na ribar da ya ci a 2002 ba. Da wannan ɗan abin ya sami damar sa sunan Stanford a tallace-tallacensa na jarida da talabijin, yana nuna kansa a sahun masu neman mafita. Abin ya ɓata wa attajirin nan mai shirya fina-finai Steve Bing rai, har a 2007 ya janye alkawarin kyautar dala miliyan 2.5 da ya yi wa jami'ar. Adalci ne kuma a faɗi cewa kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ga binciken sola da batura da haidurojin, kuma ɗalibai masu yawa sun yi digirin digirgir da shi.

A Fabrairun 2007 BP ya zarce kowa: dala miliyan 500 cikin shekara 10 don kafa cibiyar Energy Biosciences Institute, tsakanin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da ɗakin binciken gwamnati na Lawrence Berkeley, da Jami'ar Illinois. Manufar ita ce a tatso man mota daga ciyayi da karan amfanin gona. Abin da ya tada ƙura a tsakanin malamai shi ne yarjejeniyar ta ba BP damar ajiye nasa masana a cikin harabar jami'ar, jami'ar da jama'a suka gina da harajinsu, suna yin aikin da sakamakonsa mallakar kamfanin ne shi kaɗai. Steven Chu, mai lambar Nobel, shi ke shugabantar ɗakin binciken Lawrence Berkeley a lokacin, Steven Koonin kuma shi ne babban masanin kimiyya na BP. A 2009 Barack Obama ya naɗa Chu sakataren makamashi, Koonin ya zama ɗaya daga cikin mataimakansa. Man ciyayin bai taɓa zama hajar kasuwa yadda aka yi fata ba, kuma a 2015, bayan farashin ɗanyen mai ya faɗi, BP ya zaftare kuɗin sosai.

Wadda ta zauna ta karanta takardun yarjejeniyoyin da kansu ita ce 'yar jarida Jennifer Washburn. A 2010 ta fitar da rahoto a kan yarjejeniyoyi 10 tsakanin jami'o'in Amurka da kamfanonin makamashi, waɗanda jimillar kuɗinsu ta kai dala miliyan 833, bayan ta sa masana shari'a sun tsefe su. A 9 daga ciki jami'a ba ta riƙe rinjaye a kwamitin da ke tafiyar da shirin ba. A 8 kuma kamfani yana da ikon tantancewa da zaɓen ayyukan binciken da za a ba kuɗi. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan al'amarin, domin al'adar jami'a ita ce masana 'yan uwan mai neman tallafi su ne ke auna aikinsa, ba mai kuɗi ba.

Masu iya magana sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma akwai wannan a ciki. Amma kunya ba ita ce babbar hanyar da kuɗin ke bi ba. Ƙaramin malami da ke neman tabbatuwa a aiki yana duba inda tallafi yake, can yake karkata. Ɗalibansa a kan wannan fanni za su yi digiri, na'urorin wannan fanni za a sayo, bayan shekara 15 sashen gaba ɗaya ya ginu a kai ba tare da an taɓa hana kowa komai ba. Tambaya irin ta yadda za a kama kabon a bakin bututu tana da mai biya. Tambaya irin ta wace rijiya ya kamata a rufe tun man cikinta bai ƙare ba, ko wa zai biya diyyar ambaliya da fari, ba ta da shi. Shugabannin jami'o'in kuma suna da tasu hujjar, wadda ba ta banza ba ce. Kuɗin da gwamnatin Amurka ke kashewa a binciken makamashi ya kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1970, daga nan ya zube fiye da rabi. Wani injiniyan zai ce maka a lokacin da ya so ya gwada sabon batir, kamfanin mai kaɗai ya buɗe masa ƙofa.

Cewa ana iya karɓar kuɗin ba tare da miƙa linzami ba, BP da kansa ya nuna hakan, ko da yake tilas ce ta sa shi. Ranar 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Da farko jaridun yankin suka ruwaito cewa lauyoyin kamfanin na bin masanan teku na jami'o'in gaɓar da kwantiragi mai sharaɗin kada su buga abin da suka gano sai bayan shekara 3. Aka yi ca a kai. Amma dala miliyan 500 da kamfanin ya ware don binciken illar malalar, wani kwamitin masana mai zaman kansa aka damƙa wa, ƙarƙashin Rita Colwell, tsohuwar shugabar hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka. Kwamitin ke zaɓen ayyuka, kuma dole a baje bayanan da aka tattara kowa ya gani. Tsarin ya yi shekara 10 yana aiki, sai dai ba a ga sauran yarjejeniyoyin sun yi koyi da shi ba.

A waɗannan shekaru ne Amurka ta shiga zamanin gas, bayan an ƙware wajen fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da matsin ruwa. Cibiyar makamashi ta jami'ar MIT, wadda aka kafa a 2006 ƙarƙashin Ernest Moniz, kuma BP da Eni da Shell ke cikin manyan masu ɗaukar nauyinta, ta fitar da babban rahoto a 2011 da ke cewa gas gada ce da za a bi a tsallaka daga kwal zuwa makamashi mai tsafta. Cikin masu biyan kuɗin rahoton akwai wata gidauniya da shugaban kamfanin gas na Chesapeake ya kafa. A 2013 Moniz ya gaji Chu a kujerar sakataren makamashi, a 2014 kuma ExxonMobil ya shiga cibiyar da dala miliyan 25. Maganar gadar tana da ƙamshin gaskiya: kwal, wanda ke ba da kusan rabin lantarkin Amurka a 2005, ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, hayaƙin tashoshin wuta kuma ya ragu. Abin da rahoton bai iya tsayarwa ba shi ne tsawon gadar, domin bututu da tasha idan an gina su shekara 40 ake sa ran su yi.

Akwai kuma inda abin ya fito fili babu ado. A 2012 Jami'ar Texas da ke Austin ta fitar da rahoton da ke cewa babu shaidar fasa dutse na gurɓata ruwan ƙasa, sai aka gano jagoran aikin, Charles Groat, yana cikin hukumar daraktocin wani kamfanin haƙa gas, bai kuma bayyana ba. Aka janye rahoton, ya yi ritaya, shugaban cibiyar ya sauka. A shekarar Jami'ar Buffalo ta rufe tata cibiyar gas saboda irin wannan zargi. A 2015 takardun da ƙungiyar Greenpeace ta samo suka nuna cewa Willie Soon na cibiyar binciken taurari ta Harvard da Smithsonian, wanda ya yi shekaru yana cewa rana ce ke jawo ɗumamar, ya karɓi sama da dala miliyan 1.2 daga masu harkar mai da kwal, kuma a maƙalunsa da dama bai ambaci hakan ba. Shi dai ya ce kuɗin bai taɓa sauya masa ra'ayi ba.

Labarin iskar metan ya fi waɗannan sarƙaƙiya. Ita ce ainihin gas ɗin da ake ƙonawa, kuma idan ta tsere ɗanya daga bututu tana riƙe zafi fiye da kabon nesa ba kusa ba. Ba a iya auna yoyon sai an je bakin rijiya, rijiya kuwa tana da mai ita. A 2013 David Allen na Jami'ar Texas ya jagoranci wani awo da ƙungiyar kare muhalli ta EDF da kamfanoni 9 suka biya, masu suka kuma suka ce kamfanonin sun san rijiyoyin da za a ziyarta. Amma jerin binciken da wannan ya buɗe ne ya kai ga maƙalar 2018 da ta gano cewa yoyon ya kai kashi 2.3 cikin 100 na gas ɗin da ake haƙowa, kusan kashi 60 cikin 100 sama da ƙiyasin gwamnati. Masu goyon bayan haɗin gwiwa da wannan suke kafa hujja.

A 2022 wasu masana tattalin arziki uku na Jami'ar Columbia, Douglas Almond da Xinming Du da Anna Papp, suka yi ƙoƙarin auna abin da a da zato kawai ake yi. Suka tattara rahotanni 1,706 daga cibiyoyin makamashi na jami'o'i 26, suka sa kwamfuta ta auna yadda kowanne ke yabo ko kushe nau'o'in makamashi. Cibiyoyi 3 da suka fi dogara da kuɗin mai, na MIT da Stanford da ita Columbia ɗin kanta, sun fi yi wa gas kyakkyawar magana a kan makamashin da ake sabuntawa. Sauran ba su nuna wannan karkata ba. Maganar gada kuwa ba ta tsaya a Amurka ba. A Maris 2021 Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekara goma ta gas, a Nuwamba ya yi alkawari a taron yanayi na Glasgow cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ga kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Ƙasar da yawancin gidajenta da itace ake girki tana da dalilanta na kanta na son gas, ba sai wani ya rubuto mata daga waje ba. Amma duk sa'ad da aka jingina hujjar da sunan wata babbar jami'a, ya halatta a tambayi wanda ya biya kuɗin rahoton.

Ɗalibai sun fara ne da neman jami'o'i su janye hannun jarinsu daga kamfanonin mai, Harvard ta amince a 2021, daga nan suka juyo kan kuɗin bincike. Misalinsu shi ne taba sigari, wadda makarantun kiwon lafiya da dama suka daina karɓar kuɗinta tun farkon shekarun 2000. A Maris 2022 malamai sama da 500 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga jami'o'in Amurka da Birtaniya. A Mayu attajiri John Doerr da matarsa Ann suka ba Stanford dala biliyan 1.1 don kafa sabuwar makarantar kula da muhalli, shugabanta na farko, Arun Majumdar, ya ce zai karɓi kuɗin kamfanonin mai, ɗalibai da malamai suka yi masa caa. A Satumba Princeton ta yanke hulɗa da kamfanoni 90 masu harkar kwal da yashin kwalta, har da ExxonMobil; BP bai shiga jerin ba. A 2023 ƙungiyar Data for Progress ta ƙirga aƙalla dala miliyan 677 da kamfanoni 6 suka ba jami'o'in Amurka 27 tsakanin 2010 da 2020, ta kuma ce adadin ya gaza gaskiya, don jami'o'i da yawa ba sa bayyana abin da suka karɓa.

A Turai an ɗan fi matsawa. A Holan, gidan Shell na asali, ɗalibai suka mamaye gine-ginen jami'a a Rotterdam da Amsterdam har sai da 'yan sanda suka fitar da su, a Afrilun 2023 kuma Jami'ar VU ta Amsterdam ta ce ba za ta ƙara sabon bincike da kamfanin man da bai nuna yana bin yarjejeniyar yanayi ta Faris ba. Cambridge ta cire sunan BP daga cibiyar da kamfanin ya gina mata a 2000, ta kuma sa wani ƙwararre daga waje, Nigel Topping, ya duba mata lamarin. Ya gano cewa kuɗin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da take samu na bincike da kyauta ba, alhali yana zubar mata da mutunci. A Maris 2024 ta dakatar da karɓa, a Yuli ta fito da sabuwar ƙa'ida mai barin ƙofa a buɗe idan kyautar babba ce kuma ba za a same ta a wani wuri ba.

A ƙarshen Afrilun 2024 'yan jam'iyyar Dimokurat a majalisun Amurka biyu, ƙarƙashin Sheldon Whitehouse da Jamie Raskin, suka fitar da rahoto daga takardun cikin gida da aka tilasta wa kamfanonin miƙawa. Wasiƙun ma'aikatan sun nuna yadda suke kallon hulɗar da jami'o'i: hanyar samun amincin jama'a da kusantar masu tsara doka. A Yuni kwamitin da Stanford ta kafa ya ba da shawarar kada a haramta kuɗin. A Oktoba Princeton ta sassauta matakinta na 2022, ta ce malamai na iya karɓa daga waɗancan kamfanoni idan binciken na amfanin muhalli ne.

A Fabrairun 2025 BP ya sanar da masu hannun jarinsa cewa zai zaftare abin da yake kashewa a makamashi mai tsafta da sama da dala biliyan 5 a shekara, ya ɗaga na mai da gas zuwa kimanin biliyan 10. A Afrilu ma'aikatar kasuwanci ta gwamnatin Donald Trump ta soke tallafin kusan dala miliyan 4 da take ba shirye-shiryen binciken yanayi na Princeton, bisa hujjar cewa suna zuzuta barazanar suna tsorata matasa.